Jinyar da Na Je Yi a Jamus

Ƙwaƙwalwata ta fara zubar da abubuwa yanzu. Nakan nemi tabarau alhali yana bisa hancina, nakan shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina me ya kawo ni. Amma akwai wata Lahadi guda da ko na roƙe ta ta bar ni ba za ta tafi ba: ranar da na tsaya a ƙofar makewayi a wani filin wasa a Jamus, fuskata da jan fenti, ina yi wa mahaifiyata rantsuwa cewa lafiyata ƙalau.

Ni malamin lissafi ne. A lokacin ina mataimakin shugaban wata makarantar sakandare a nan Jalingo, kuma dattijo a majami'armu da ke Abbare. Ni ake kira in miji da mata sun saɓa, ni ake ba addu'ar rufe taro. Ba wanda ya taɓa ganina da gajeren wando. To amma ina da wani abu guda da ban cika son a sani ba, ina son ƙwallon Amurka. Ba wadda kowa ya sani ake bugawa da ƙafa ba, waccan da ƙarti ke sa hular kwano, su rungumi ƙwallo mai siffar gwanda su ruga da ita ana kayar da su.

Taurin kaina ne ya ja mini. Wata Lahadi bayan magariba ina neman labarai a talabijin, na faɗa kan wata tasha na tarar ana wannan kokawar. Na yi minti ashirin ina kallo ban gane inda aka dosa ba, abin ya ba ni haushi. Ni da na tsufa ina koya wa yara lissafi, a ce wasu ƙarti sun san wata ƙa'ida da ta fi ƙarfina? Na ɗauko littafin rubutu. Sai da na yi wata uku ina zane-zane kafin na gano kan abin: sau huɗu ake ba ka dama ka ci ƙasa taku goma, in ka ci a sake ba ka huɗu, in ka kasa ka miƙa wa abokan hamayya. Ranar da na ga an tsayar da wasa, mutum biyu sun shigo da sarƙa suna auna ƙasa, kowa ya yi tsit kamar ana raba iyakar gona a ƙauyenmu Kona, ranar na san na shiga ke nan.

Sau ɗaya wani abokin aikina ya zo gida ya same ni ina kallo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana duba, sannan ya ce, "Malam, waɗannan me aka yi musu?" Washegari duk ɗakin malamai an ji, har akwai wanda ya kifa kwanon abinci a kansa ya gaishe ni. Tun daga nan nake rufe ƙofa in rage murya. Shekara goma sha ɗaya na yi ina kallo ni kaɗai, in mun ci in yi murna a ciki, in an ci mu in ce wa matata kaina ne ke ciwo.

Da na ji an fara kai wasan Jamus, kuma ƙungiyar da nake goyon baya, masu jar riga, tana cikin masu zuwa, sai barci ya fara yi mini wuya. Ina da wani abokin karatu da ya yi aure a can ya zauna, shi ya aiko mini da takardar gayyata. Na je neman biza, matar da ke bayan gilashi ta tambaye ni me zai kai ni, na ce kallon ƙwallo. Ta dubi furfurata, ta dubi takarduna, ta sake tambaya, na sake faɗa. In ka cire matata, ita kaɗai ce na faɗa wa gaskiya a duk faɗin ƙasar nan.

Saura sati uku tafiya na je Kona in sanar da yayana. Manomi ne, shi ke zaune a gidanmu na gado tare da mahaifiyarmu. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya.

Ya ce, "Jamus? Me zai kai ka Jamus?"

Na buɗe baki zan faɗa, sai na hango abin da zai biyo baya. Na hango labarin yana shiga kasuwa, yana shiga majami'a, ana cewa dattijo guda ya tsallake teku don ya kalli masu hular kwano. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Zan je a ɗan duba ni ne, Yaya."

"Wane wuri ne yana damun ka?"

"Sai sun duba tukuna."

Ya ajiye fartanyar a hankali. Sannan ya rage murya ya ce, "Kar Mama ya ji."

Ni malamin lissafi ne, amma wannan lissafin ban yi shi ba. A wurinmu ciwon da aka faɗi sunansa ƙaramin ciwo ne. Zazzaɓi, basur, hawan jini, duk ana faɗar su a bainar jama'a har da ƙari. Wanda aka ƙi faɗa kuwa, aka tsallake Yola da Gombe da Abuja aka nufi Jamus da shi, kowa ya san wanne ne, ba mai kiran sunansa.

Kafin kwana uku gidana ya koma wurin gaisuwa. Matan zumunta na majami'a suka zo suka yi waƙa a tsakar gida, suka tafi suna share ido da bakin zane. Shugaban makaranta ya karɓe mini azuzuwa biyu ya ce in huta. Maƙwabcina Alhaji, wanda muka yi shekara bakwai ba ma ga maciji saboda ruwan kwatarsa da ke bi ta ƙofata, ya yi sallama da ƙwaryar kindirmo, ya zauna ya ce, "Maƙwabci, duniya ba komai ba ne, mu yafe juna." Ya ƙara da addu'ar samun lafiya da Fulatanci, "Allah hokku jam." Washegari da kansa ya tsaya aka karkatar da kwatar.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin abin. Ban taɓa sanin ana sona haka a garin nan ba. Har na koyi wata tafiya a hankali, da wani murmushi na mai haƙuri da ƙaddara. Matata kaɗai ce ba ta shiga wasan ba. In ta kawo abinci sai ta tsaya a kaina ta ce, "Mara lafiya, a ajiye tuwon ne, ko sai an tambayi likita?" Wata rana kuma ta ce, "Baban yara, maganar nan za ta shiga kunnen Mama." Na ce ai Yaya da kansa ya ce kar ta ji. Ta ce, "Yaya yana da mata."

Mahaifiyata a lokacin ta haura tamanin. Tana shan maganin hawan jini da na suga, irin waɗanda sai an ci abinci ake sha. Ranar da na je sallama ba ta tambaye ni komai ba. Ta sa aka yanka kaza, ta zauna tana kallona har na gama ci. Ta kama tsintsiyar hannuna ta zagaye ta da yatsunta biyu, ta saki. Da zan tafi ta rako ni har bakin titi, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba, ta tsaya har keken hayar da na hau ya sha kwana. Na ce a raina tsufa ne ke sa mutum haka.

Na isa Jamus ranar Laraba, sanyi ya tare ni tun daga ƙofar jirgi. Ranar Juma'a na ƙara wa kaina wani laifin. Ba na son waya ta dame ni ana cikin wasa, don haka na kira Yaya na ce ranar Lahadi daga ƙarfe uku kada kowa ya neme ni, wayata za ta kasance a kashe. Ya ce, "Ranan ne za su yi?" Na ce, "Ranar ce." Na ji ya ja numfashi, na yi masa sallama na koma gwada hular ulu da na saya.

Ranar Lahadi abokina ya kai ni tashar jirgin ƙasa ya koma gida, shi wasan bai dame shi ba. Ina shiga na tsaya cak. Taragon cike yake da mutane, maza da mata, tsofaffi da yara, kowa da rigar ƙungiyarsa, kowa yana maganar abin da na yi shekara goma sha ɗaya ina ɓoyewa. Wani tsoho Bajamushe da matarsa suka matsa mini na zauna. Ya nuna rigata ya ɗaga babban yatsa. Kafin mu sauka muna gardama a kan ko ya fi kyau a riƙa jifa ko a riƙa gudu da ƙwallo, shi da guntun Turancinsa ni da hannuwa. Ban taɓa yin gardamar da ta yi mini daɗi haka ba. Da muka isa filin sai ga shi kujerunmu ba nisa, suka roƙi wani ya yi musanya muka zauna tare. Matar ta fito da wani ɗan gwangwani ta ja mini jan layi biyu a kowane kunci, ni kuwa dattijon majami'a na miƙa mata fuska.

Rabin farko na wasan ba zan iya kwatanta shi ba. Ciyawar ta fi ta talabijin kore, ƙartin sun fi na talabijin girma, in suka yi karo har sama inda muke ana jin ƙarar. Na hango masu sarƙa a gefen fili suna jira, na gaishe su a zuciyata. Na yi ihu da dukkan muryata, ba ƙofar da zan rufe. Da jama'a suka ɗauki wata waƙa gaba ɗaya, ban san kalma ko ɗaya a ciki ba amma na bi, hawaye yana zubo mini. Tsohon ya ɗauka sanyi ne ya miƙo mini hankici.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na kunna waya don in ɗauki hoto ɗaya. Hoton da ban ɗauka ba ke nan. Kiran matata ne jere a kan juna, da saƙo guda: "Ka kira ni yanzu, Mama ce." Na sauka da gudu ina neman inda babu hayaniya, ban samu ba sai lungun ƙofar makewayi.

Matata ba ta ko gaishe ni ba. Ta ce tana Kona. Ta ce Mama ta san komai tun satin farko. Tun ranar da na bar gida take azumi, sau ɗaya take cin abinci da yamma, daga Juma'a kuma da ta ji za a yi mini aiki ranar Lahadi ta daina ci gaba ɗaya, ta daina shan magani. Yau bayan an taso daga sujada ta faɗi a tsakar gida. An kira ma'aikaciyar jinya, ta ƙi yarda a sa mata ruwa, ta ƙi a kai ta asibiti, ta ce ba ta karya alkawarin da ta yi wa Allah tana ji ana yanka ɗanta.

Matata ta ce, "Ni ma yau na ji. Ga ta nan. Ko ka faɗa mata, ko ni in faɗa."

Ta mayar da kiran na bidiyo. Na ga Mama kwance a tabarma an tokare mata kai da filo, leɓunanta sun bushe sun yi fari. Ta ƙanƙance ido tana duban wayar.

"Ɗana, kai ne? Har a fuska sun yanka ka?"

Na tuna da fentin, na hau gogewa da hannun riga, ya ƙara bazuwa. Kuma ko a nan ban daddara ba. Na ga wata ƙaramar ƙofa ta fita daga maganar, na nufe ta. Na ce, "Mama, an gama aiki lafiya, na samu sauƙi. Ki ci abinci."

Ta girgiza kai a hankali. Ta ce, "Kar ka ruɗe ni. Babanka ma haka ne aka ce mini. Ya samu sauƙi, ya samu sauƙi, har mota ya tsaya a ƙofa."

Gaskiyarta. Haka muke yi wa tsofaffi, ni kaina na sha zuwa gidajen mutane in ce jiki da sauƙi alhali gawa tana hanya. Duk wani labari mai daɗi da zan ba ta, a kunnenta tabbacin mutuwata ne. Ina tsaye ina neman abin cewa, mutane suna wuce ni da burodi da tsiran nama a hannu, sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Ka ji ni da kyau tun kana ji. Na yafe maka nonon da ka sha. Ba ka taɓa ɓata mini rai ba. In akwai abin da na yi maka, ka yafe mini."

Ban san lokacin da na fara hawa matakala ba. Na fito sarari daidai ana dawowa daga hutu, filin ya ɗauki ihu. Na juya wayar na ɗaga ta sama, na zagaya da ita a hankali ta ga jama'a, ta ga fitilu, ta ga ciyawa. Sannan na juyo da ita na yi magana da ƙarfi don ta ji. Na ce, "Mama, ba asibiti nake ba. Ba ni da ciwon komai. Wasa na zo kallo. Ƙarya na yi wa Yaya, ƙarya na yi wa kowa. Wannan fenti ne."

Ta ce in sake nuna mata, na nuna.

"Waɗancan masu kwano a kai, su ne marasa lafiyan?"

"'Yan wasa ne, Mama."

"Kai kana cikin su?"

"A'a, kallo nake yi."

Ta ce, "Kallo." Sai na ga rufin ɗaki, na ji motsi, na ji muryar Yaya daga nesa yana tambayar me na ce. Can matata ta dawo ta ce, "Ta ce a dama kunu. Ta ce kuma a kashe wannan abin." Aka kashe.

Na koma kujerata na zauna. Ina jin tsohon yana zungurina yana nuna fili, ina jin mutane suna miƙewa suna zama. Idona yana kan ciyawa amma ban ga komai ba. An ce mun ci.

Da na dawo ba wanda ya tare ni a tasha sai matata. Dariyar da na guda kuwa tana nan tana jirana, har da riba. Ɗalibai suka sa mini suna, wanda ba zan rubuta ba. An riga an shirya sujadar godiya saboda dawowata, aka soke ta shiru, ni kuma na miƙe a gaban jama'a na faɗi abin da na yi, na ajiye dattijantaka na wata shida. Alhaji kuwa, ruwan farko da aka yi na ga kwata ta dawo tsohuwar hanyarta. Duk wannan bai wuce sati biyu yana zafi ba, daga baya har wasu malamai suka fara tambayata yadda ake wasan.

Abin da bai wuce ba shi ne na Mama. Kwana huɗu ta yi a asibiti ana ƙara mata ruwa, kuma tun daga faɗuwar nan ba ta sake tafiya ba sanda ba. Wata guda ina zuwa Kona kullum bayan an tashi daga makaranta. In na gaishe ta ta amsa, in na yi shiru ta yi shiru. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wata ranar Asabar na same ta tana ɓarar gyaɗa. Ta kakkaɓe zane, ta ɗauki sanda ta ce in biyo ta. Muka bi ta bayan rumbuna har ƙarshen gida, inda aka binne mahaifina. Ciyawa ta rufe ko'ina, sai wani fili guda a gefen kabarin da aka nome tas aka share. Ta nuna shi da sandar.

Ta ce, "Nan wurina ne. Shekara ashirin ina ajiye shi. Ranan da ka tafi na ce wa yayanka, in an kawo ka a sa ka a nan kusa da babanka, ni a nema mini wani wuri. Da hannuna na nome shi."

Na durƙusa a wurin, na kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Da ka ce mini wasa za ka kallo, da na yi maka dariya, in ce Allah ya kiyaye hanya. Tun kana ƙarami ai ba ka da cikakken hankali." Ta juya ta fara tafiya, ta yi taku uku ta tsaya ba ta waiwayo ba. "Yanzu na karɓi wurina. Kai ka nemi naka."

Shekara biyu bayan haka muka sa ta a wurin nata.

Na guje wa dariyar mutanen da ba su damu da ni ba, na ɗora wa wadda ta fi kowa damuwa da ni makokin ɗanta tun yana raye. Abin da na koya ke nan, kuma ban koye shi da sauƙi ba. In kana son abu, komai rashin kan gadonsa a idon jama'a, ka faɗe shi da bakinka a yi maka dariya a gama. Ƙaryar da ka yi don ka tsare mutuncinka ba kai take ci ba, mai ƙaunarka take ci, don shi kaɗai ne zai gaskata ta har zuciyarsa.